Gargaɗi ga Jama'a: Yawan Zama Yana Kwantar da Mutanenmu

Jama'a, wannan gargaɗi ne, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta ya isar wa na kusa da shi. Yawan zama wuri ɗaya da rashin motsa jiki suna kwantar mana da mutane, suna kai wasu kabari tun ƙarfinsu bai ƙare ba, mu kuwa har yau ba mu ɗauki abin a bakin komai ba. Da wuya a sami unguwa a Kano, Zariya, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram da ba a san irin wannan labari ba. Magidanci ɗan shekara 45 ko 50, shi ne ci shi ne sha na gidansa, ya tashi zai yi alwala sai ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kai asibiti baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki. 'Yan dubiya su cika ɗaki suna cewa, "Ikon Allah, jiya fa muka rabu lafiyarsa ƙalau." Wasu su koma gefe suna raɗa cewa jifa ne. Alhali bawan Allah ya shekara goma yana yawo da hawan jini bai taɓa aunawa ba, yana wuni a zaune, tumbi yana ƙaruwa, ana yi masa barka da samun hutu.

Ku dubi yadda wuninmu yake tafiya. Ɗan kasuwa ya fito daga gida ya hau babur ko mota tun daga ƙofar zaure, ya sauka a bakin shagonsa a Kantin Kwari ko Singa, ya zauna kan benci. Abinci yaro ke kawo masa, canji yaro ke nemowa, masallaci yana bakin layi. Magariba ta yi ya sake hawa abin hawa, ya sauka a majalisa ya sake zama har sha ɗayan dare. In ka tara duk takun da ya yi a ranar, ba zai kai na wanda ya je ƙarshen unguwa ya dawo ba. Haka direban a-daidaita-sahu yake, haka tela, haka mai POS a ƙarƙashin laima, haka ma'aikacin da ke gaban kwamfuta. Dukkansu suna komawa gida a gajiye, shi ya sa in ka ce musu ba sa motsa jiki sai su yi maka kallon wanda bai san wahala ba. Gajiyar tasu gaskiya ce. Sai dai gajiyar rana ce da hayaniya da tunanin kuɗin makaranta, zuciya da tsokoki kuwa ba su yi aikin da aka halicce su dominsa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alƙaluma a 2024 da suka nuna cewa a shekarar 2022, kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki gwargwadon abin da lafiya ke buƙata. Mata sun fi maza shiga wannan hali, kashi 34 a kan kashi 29. Hukumar ta ce wanda ba ya motsa jiki yadda ya kamata, haɗarin mutuwarsa da wuri ya ɗara na mai motsawa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. A wani rahotonta na 2022 ta yi kashedin cewa in aka ci gaba a haka, tsakanin 2020 da 2030 kusan mutum miliyan 500 za su kamu da cututtukan da motsa jiki zai iya karewa, irin su hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da ciwon damuwa. Kada wani ya ce wannan matsalar Turawa ce. Ta riga ta shigo mana gida.

Iyayenmu da kakanninmu ba su san wani abu wai shi atisaye ba, don rayuwar kanta atisaye ce. Mace ta yi sussuka, ta yi surfe, ta yi daka, ta durƙusa kan dutsen niƙa, ta ja guga daga rijiya mai zurfi. Namiji ya yi sassabe, ya yi huɗa, ya yi noma da maimai, ya taka zuwa cin kasuwar wani gari ya dawo a ƙafa. Ba ina cewa mu koma can ba. Wancan aiki ya karya bayan mata da yawa, kuma injin niƙa da famfo da babur rahama ne. Abin da nake cewa shi ne, mun cire motsin nan daga rayuwarmu ba mu maye gurbinsa da komai ba, cin abinci kuma bai ragu ba. Malmalar tuwon da manomi ke ci ya wuni yana huɗa, ita mai zaman shago ke ci, ya ƙara da farar shinkafa da taliya, ya kora da lemon kwalba, da dare ya sha shayin da aka zuba wa suga har cokali yana tsayawa.

Duniya ta fara gane wannan haɗari ne daga ma'aikatan mota, kuma ina son direbobinmu su saurara. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya wallafa binciken da ya yi kan ma'aikatan motocin safa na birnin Landan, mutum kusan 31,000. Motocin masu hawa biyu ne. Direba yana zaune kusan duk tsawon aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka, ɗaruruwan matakala a kowace rana, yana karɓar kuɗin mota. Mutanen gari ɗaya, aji ɗaya, a cikin mota ɗaya. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma faɗuwa a mutu nan take ta kai kusan ninki biyu a cikinsu. Aka ce ƙila don direbobi sun fi ƙiba ne. Morris ya nemo awon wandunan yunifom ɗin da aka ɗinka musu, ya ga lallai direbobi sun fi faɗin ƙugu, amma ko an kwatanta masu ƙugu ɗaya, kwandasta ne ya fi tsira. Ya duba ma'aikatan gidan waya, ya ga masu yawon raba wasiƙu a ƙafa ko a keke sun fi na zaune a ofis lafiyar zuciya. Shekara 70 ke nan da doriya, kuma binciken da aka yi ta yi bayansa ƙara tabbatar da maganarsa ya yi.

Ya kamata kowa ya san abin da ke faruwa a cikin jikinsa in ya zauna, don wanda ya gane dalili ya fi riƙe magana. Duk abin da ka ci na hatsi, tuwo ne ko shinkafa ko burodi ko fura, jiki yana mayar da shi suga ya tura cikin jini. Tsoka, musamman ta cinya da ta ɗuwawu da ta baya, ita ce babbar mai sayen wannan suga, in ta daina ciniki sai kayan su yi kwantai a cikin jini. Jiki ya yi ta ƙara fitar da sinadarin insulin don ya tilasta wa tsokar ta karɓa, ita kuma tana ƙara taurin kai, har ranar da abin zai fi ƙarfinsa. Nan ciwon suga yake farawa, shekaru kafin mutum ya fara yawan fitsari da ƙishirwa da rama. Amma da zarar tsoka ta fara aiki, tana jan suga daga jini ko da insulin ɗin bai wadata ba, kuma wannan amfani yana ɗorewa kwana ɗaya zuwa biyu bayan an gama. Dalilin da ya sa likitoci ke ce wa mai suga kada ya haɗa fiye da kwana biyu a jere bai motsa jiki ba ke nan. Ita ma tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci tana rage hauhawar sugan da ke biyo bayan cin.

Jijiyoyin jini su ma haka. In jini yana gudu da ƙarfi lokacin tafiya, bangon jijiya yana saki, yana laushi. In aka daɗe ba a motsa ba sai ya yi tauri, kitse ya riƙa taruwa, zuciya ta riƙa turo jini da ƙyar. Mai hawan jini da ya lizimci tafiya da sauri yakan ga awonsa na sama ya sauka da maki 5 zuwa 8, wanda ya yi kusa da abin da ƙwayar magani guda ke yi. Motsa jiki yana rage haɗarin sankarar mama da ta hanji, yana gyara barci, yana sassauta damuwa da ƙuncin zuciya, abin da mutane da yawa ke fama da shi a wannan tsadar rayuwa ba su faɗa wa kowa ba.

Lalacewar kuma ba ta da nawa. A 1966 a birnin Dallas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari biyar 'yan shekara 20, lafiyayyu, a gado har mako uku ba sa tashi. Da aka auna su, ƙarfin zuciyarsu da huhunsu na ɗaukar aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar, sun kai shekara 50, aka sake auna su. Sai aka ga kwanciyar mako uku ta fi tsufan shekara 30 raunana su. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa a labarin shi ne, a karon farko atisayen mako takwas ya dawo musu da abin da suka rasa, a karo na biyu kuma, suna da shekara 50, atisayen wata shida ya mayar da su kan ƙarfin da suke da shi tun suna samari.

A nan gida ma an yi bincike. Likitocin Najeriya da Ghana sun haɗu a wani babban aiki da ake kira SIREN, a asibitoci 15 da suka haɗa da na Kano da Zariya da Ibadan da Kumasi da Accra, suka kwatanta mutum fiye da 2,000 da suka sami shanyewar ɓarin jiki da takwarorinsu da ba su samu ba. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna hawan jini ne uban tafiya, kusan tara cikin goma na cutar ana iya danganta su da shi. Ciwon suga, kitsen ciki, yawan gishiri, ƙarancin cin ganye da rashin motsa jiki duk suna cikin abubuwan da suka lissafa. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Yana nan yana cin ƙoda, yana cin ido, yana kumbura zuciya, mutum yana cewa shi garau yake jin kansa. Duk wanda ya taɓa ganin gidan da ake kai mara lafiya wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san yadda ake sayar da fili da gona da kayan ɗaki, a ƙarshe kuma a rasa mara lafiyar.

Ga wanda aka ce masa sugansa ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, akwai labari mai daɗi da ya kamata ya riƙe da hannu biyu. A Amurka an bi mutum 3,234 masu irin wannan hali kusan shekara uku, aka wallafa sakamakon a 2002. Waɗanda aka ba maganin metformin, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da rage ƙiba kaɗan, tasu ta ragu da kashi 58. Ƙafa da gyaran ci sun kusa ninka ƙwaya.

Na san uzurorin, kullum ana jin su. Akwai mai cewa ba shi da lokaci, alhali yana da awa uku na majalisa da awa biyu na latsa waya. Akwai mai cewa ba shi da kuɗin zuwa gidan motsa jiki, alhali ba wanda ya ce sai ya je. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na girma. Alhaji yana jin nauyin a gan shi yana tafiya a ƙafa, kada a ce karayar arziki ta same shi. Hajiya tana tsoron ta rame a ce mijinta ba ya riƙe ta da kyau. Mun mayar da teɓa shaidar wadata, mun mayar da tafiyar ƙafa shaidar talauci, kuma wannan tunani yana kashe mu. Alhaji, don Allah ka ajiye wannan kunya. Ranar da za a ɗauke ka ranga-ranga a sa a mota, ko 'ya'yanka su riƙa kama ka zuwa banɗaki, ba za ka tuna da abin da mutanen layi za su ce ba. Akwai kuma mai cewa ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, ajali na hannun Allah. Amma mun yarda da ƙaddara kuma an umarce mu da riƙo da sababi, jikin nan kuwa amana ce da za a tambaye mu. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan je masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa, kuma sun karantar da mu ladan kowane taku zuwa masallaci. To me ya sa mai lafiya zai hau babur zuwa masallacin Juma'ar da bai wuce tafiyar minti 15 ba?

Abin da ake nema ba shi da yawa. Ga babba, minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato minti 30 a rana sau biyar a mako in an ɗauki mafi ƙaranci. Mai gudu ko ƙwallo ko wani motsi mai ƙarfi, minti 75 zuwa 150 sun ishe shi. Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashinka zai ɗan ɗaga, jiki ya ɗumama, kana iya magana amma ba ka iya jan dogon karatu ba ka tsaya ka shaƙi iska ba. Tafiyar rangwaɗa, ana tafe ana tsayawa gaisuwa kowace ƙofa, ta fi zama, amma ba ita ake nufi ba. Ba dole ne a yi minti 30 ɗin a haɗe ba. Goma bayan asuba, goma bayan abincin rana, goma bayan isha'i, lissafi ya cika. Sannan sau biyu a mako a ba tsoka aikin ƙarfi: tsugunawa da miƙewa, tura bango ko ƙasa da hannu, ɗaga jarkar ruwa, hawa bene.

Wanda ma ba zai iya kai wa wannan ba kada ya ce ya haƙura. A Taiwan an bi mutum fiye da 400,000 na tsawon shekaru, aka wallafa a 2011 cewa masu motsa jiki na minti 15 kacal a rana haɗarin mutuwarsu ya ragu da kashi 14 cikin 100, kuma tsawon rayuwar da ake sa ran za su yi ya ɗara na marasa motsi da shekara uku. Mafi girman riba tana wajen wanda ya tashi daga babu zuwa kaɗan. Mai shago, ka je ka karɓo abincinka da kanka. Ka sauka daga a-daidaita-sahu saura tafiyar minti 10 ka ƙarasa da ƙafa. Direba, duk lokacin da kake jiran layi a tasha ka fito ka zagaya, kada ka kwantar da kujera. Tela da ma'aikacin ofis, kowane rabin awa ku miƙe ko na minti biyu ne.

Inda abin ya fi damuna shi ne cikin gida, wajen iyayenmu mata da matanmu da ƙannenmu. Namiji ko ba komai yana fita. Mace da yawa a birni tana wuni tsakanin ɗaki da kicin da tsakar gidan da bai fi taku goma ba. Markaɗe na inji, ruwa na 'yan ga-ruwa, aike na almajiri ko 'yar aiki, in za a je unguwa a kira mai a-daidaita har ƙofar gida. Haihuwa ta zo, jiki ya buɗe, ta biyu ta zo ya ƙara, kafin ta kai shekara 40 gwiwa ta fara ciwo, ƙafa tana kumbura, tana salla a zaune. In ta ce za ta ɗan taka sai a ce ina za ki, me kika rasa. Maigida, wannan hakki ne a wuyanka kamar ci da sha da sutura. In ba ka son ta fita ita kaɗai, ka fita da ita bayan asuba ko bayan isha'i, da hijabinta, ku zaga unguwa ku dawo. An ruwaito cewa Manzon Allah ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, har sau biyu. Wane ne kai da za ka ji nauyin takawa da iyalinka?

Ke kuma uwargida, kada ki jira sai an sama miki fili. Ki zaga tsakar gida da sauri na minti 10 sau uku a rana. Ki yi tsallen igiya in gwiwarki lafiya take. Ki riƙa yin shara da wanki da kanki wani lokaci, ki ɗauko turmi ki daka yaji ko gero maimakon aika komai inji. Ku haɗu da maƙwabta ko 'yan islamiyyarku ku riƙa takawa tare zuwa makaranta. Mai juna biyu ma ba a ce ta kwanta ba. In cikin lafiya yake, ita ma minti 150 a mako ake so ta samu, kuma hakan yana rage mata haɗarin sugan masu ciki da hawan jinin masu ciki. Ta dai faɗa wa ma'aikaciyar lafiya a wajen awo, in kuwa akwai zubar jini ko jiri ko ciwon mara mai tsanani, ta dakata ta je asibiti.

Yara kuma mu muke ɗaure su da hannunmu. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla awa ɗaya a rana ta guje-guje da tsalle-tsalle, amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna huɗu cikin biyar na matasa 'yan 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun haka, 'yan mata kuma sun fi rasawa. Boko da safe, islamiyya da yamma, darasin gida da dare, ɗan lokacin da ya rage a miƙa masa waya don ya yi shiru. Makarantun kuɗi da yawa gidajen haya ne aka yanka azuzuwa, ba filin da yaro zai yi gudu. Langa, 'yar gala-gala, ɓuya, gaɗar 'yan mata a dandali, kokawar samari bayan girbi, duk suna ɓacewa daga birane. Iyaye, kafin ku biya kuɗin makaranta ku tambaya ina filin wasa. Yaron da bai kai shekara 2 ba bai kamata a ajiye shi gaban waya ko talabijin ba sam, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Tsofaffinmu kuwa ƙauna ce take sa mu cutar da su. "Baba, ku zauna a kawo muku." "Inna, ku huta, kun yi naku." Tsoka tana raguwa da shekaru, zama yana gaggauta raguwar, daga nan sai faɗuwa a banɗaki da karayar ƙugu, wadda sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Wanda ya haura 65 yana buƙatar tafiya kamar kowa, ya ƙara da motsin ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa sau uku a mako: ya miƙe daga kujera ya zauna sau goma ba tare da dafa hannu ba, ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya. Maniyyata aikin Hajji su fara takawa watanni kafin tafiya, don sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi da zuwa jifa a cikin zafin Makka.

Manomi da lebura da ɗan dako da ɗan ga-ruwa sun sami nasu motsin har ya yi yawa, ba su nake kira su ƙara ba. Sai dai su ma su auna jini, don aikin ƙarfi ba ya hana hawan jinin gado ko na gishiri. Manomin da ke aiki wata biyar na damina ya zauna gindin bishiya wata bakwai na rani, shi ma maganar ta shafe shi.

Hukumomi da shugabanni suna da nasu kason. Filayen ƙwallon unguwanni da na makarantun gwamnati ana ta yanka su ana gina shaguna. Ana yin titi ba gefen masu tafiya a ƙafa, inda aka yi kuma an kafa tebura an ajiye motoci. Masu unguwanni da dagatai su tsaya kan filayen da suka rage. Limamai su ɗauki wannan magana a huɗuba, don mutanenmu sun fi jin ta daga bakinsu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi su sayi na'urar awon jini su ajiye a ofishinsu, kuɗinta bai kai na walima ɗaya ba.

Sai kashedi ga wanda wannan magana ta zaburar, don kada gyara ya zama ɓarna. Wanda ya shekara goma a zaune kada ya tashi gobe ya shiga fili ya buga ƙwallon minti 90 da samari. Irin wannan zabura ta farat ɗaya tana iya tsayar da zuciyar da ba ta saba ba. Sannu ba ta hana zuwa. Fara da minti 10, ka ƙara biyar kowane mako. Kafin ka fara, ka je asibiti ko kemis a auna maka jini da suga. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, in an maimaita a wata rana ya sake nuna haka, hawan jini ne, ka ga likita. In ya kai 180 bisa 110, maganar atisaye ta dakata sai an sauko da shi. Mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, likitansa ne zai tsara masa abin da zai yi. Kuma kada kowa ya ajiye maganinsa don ya fara tafiya yana jin daɗin jikinsa. Mutane da yawa sun faɗi ta wannan hanya. Likita ne kaɗai zai rage ƙwaya in ya ga awo ya sauka.

Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da suga sosai ya riƙa fita da dabino ko alewa a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi da yunwa ta farat ɗaya ya tsaya ya ci. Kada ya taka ba takalmi, kuma ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, don ƙaramin rauni da bai ji zafinsa ba yana iya kai wa ga yanke ƙafa. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, a yi tafiyar bayan asuba ko bayan faɗuwar rana, a sha ruwa kafin a fita da bayan an dawo. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya yi nasa a cikin gida. Da azumi a sassauta, a mayar da tafiyar bayan buɗa-baki ko bayan asham.

In kana cikin tafiya ka ji ƙirji ya ɗaure ko ya yi nauyi, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko yana hawa muƙamuƙi, ko numfashi ya gagara fiye da ƙima, ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya nan take a kai ka asibiti. Haka in kuka ga wani bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe masa, ko da abin ya wuce bayan 'yan mintoci. Kada a tsaya shafa mai ko turare, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki don yana iya shaƙewa, kada a ce a bari gari ya waye. A kwantar da shi ta gefe, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a nufi babban asibiti mafi kusa, a yi masa addu'ar a cikin mota.